Daga silima a Bengaluru zuwa yashin Talakadu

Sai da muka kwana goma sha ɗaya a Bengaluru, a kudancin Indiya, kafin idona ya ga wani abu da ba farin bangon asibiti ba. Jinyar kawuna ce ta kai ni, a watan Yulin 2017, makonni kaɗan bayan ƙaramar Sallah. Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana hana shi sujada, har likitoci suka ce sai an canza ta. Mun tashi daga Kano, muka ya da zango a Addis Ababa, muka sauka a Mumbai, sannan wani jirgin ya ƙarasa da mu kudu. Na yi zaton zafi zan tarar, sai na iske gari mai sanyi-sanyi da yayyafi kusan kullum da yamma, domin birnin a kan tudu yake, kimanin mita 900 sama da teku.

Da aka yi aikin lafiya, aka fara koya masa takawa da sanda, sai wata safiya ya dube ni ya ce, "Ɗana, tashi ka je ka sha iska. Fuskarka ta fi tawa nuna ciwo."

Na ce, "Kawu, in bar ka kai kaɗai?"

Ya ce, "Ga Allah, ga masu jinya. Je ka, ka dawo mini da labari."

Ɗakin da muka kama haya yana kusa da Shivajinagar, unguwa mai yawan Musulmi, inda kiran sallah ke tashi ta kowace kusurwa kuma nama halal ba ya wuyar samu. Ɗan mai gidan, saurayi ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, shi ya zame mini ɗan jagora tun ranar da muka sauka. A gida yana magana da iyayensa da irin Urdun mutanen kudu, a titi ya juya Kannada, harshen jiharsu ta Karnataka, ni kuma ya yi mini Turanci. "Bhai" yake kirana, wato ɗan'uwa. Shi ya fara fahimtar da ni abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Kamar yawancin 'yan Kano sa'o'ina, da fim ɗin Indiya na tashi. Yayyenmu sun sha ba mu labarin Plaza da Marhaba da Eldorado, mu kuma muka same shi a talabijin da kaset, daga baya aka shiga zamanin fassara. Saboda haka na sauka da 'yan kalmomin da kunne ya tsinta, ina jin za su yi mini amfani. Ranar farko na gaida wani mai a-daidaita-sahu da Indiyancin fim, ya amsa mini da Turanci cikin ladabi. Abokina ya ce, "Bhai, wannan Hindi ne, yaren arewa. Nan Karnataka ce." Abin da muke kira Indiyanci a dunƙule ashe ɗaya ne daga cikin harsuna da yawa. Kannada ba ƙanin Hindi ba ne, danginsa su ne Tamil da Telugu da Malayalam. Yana da rubutunsa na kansa, haruffa masu zagaye kamar an jera ƙoƙuna, kuma ƙidayar 2011 ta nuna mutum sama da miliyan 43 ne suka tashi da shi a baki. A daidai makonnin da muke can ma ana ta ce-ce-ku-ce kan allunan tashoshin jirgin ƙasan cikin gari, inda wasu suka bi suka shafe rubutun Hindi da baƙin fenti, suna cewa Kannada da Turanci sun wadatar. Kalmar farko da na koya da kyau ita ce "Kannada gottilla", ban iya Kannada ba. Duk wanda na faɗa wa sai ya yi murmushi, ya ƙara kyautata mini.

Ranar da kawu ya sallame ni, abokina ya ce akwai sabon fim da ya fito a makon, ya riga ya kalla sau ɗaya, yana son ya maimaita. Muka shiga jirgin zuwa Majestic, inda layuka biyu suke haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa. Muna fitowa muka faɗa cikin cunkoso irin na Kantin Kwari ana gobe Sallah: tashar motoci, masu sayar da furanni, masu shayi, masu gyaran waya. Daga nan zuwa titin Kempegowda da unguwar Gandhinagar taku kaɗan ne. Nan ce cibiyar harkar fim ɗin Kannada tun da daɗewa, ofisoshin masu shiryawa da masu rarrabawa a saman benaye, tsofaffin gidajen silima masu allo ɗaya a ƙasa. Masana'antar suna ce mata Sandalwood, saboda itacen sandal da jihar ta yi suna da shi, wanda mu ma muka san ƙamshinsa a turare da sabulu. A ƙofar wasu silimun an kafa hotunan jarumai na katako, tsayinsu ya kai bene biyu, an rataya musu furanni a wuya. Abokina ya ce ranar da fim ɗin babban jarumi zai fito, masoya har madara suke kwarara wa hoton.

Namu fim ɗin ba shi da irin wannan gagarumin hoto. Sunansa Operation Alamelamma, wani mai ba da umarni da ake kira Suni ya shirya shi, da Rishi da Shraddha Srinath a matsayin jarumai. Ƙaramin fim ne, babu wani tauraro da ake rufe titi saboda shi. Duk da haka sai da muka bi layi, kuma da muka shiga na waiga na ga kujeru kaɗan ne babu kowa.

Kafin a fara, kowa ya miƙe tsaye aka buga taken ƙasa, domin a lokacin umarnin Kotun Ƙoli ne tun ƙarshen 2016. Sai takardar hukumar tace finafinai ta bayyana a allo, sai gargaɗi kan shan taba. Daga nan aka shiga labari, babu fassara ko layi ɗaya a ƙasan allo.

Ga abin da na iya kamawa, rabi da idona, rabi da raɗar da abokina yake yi mini a kunne. Wani matashi ne ɗan kasuwar kayan gwari, sunansa Paramesh amma ya fi son a ce masa Purmy, wanda Allah ya jarabce shi da son kaya masu tambarin manyan kamfanoni. Ya kamu da son wata malamar makaranta, Ananya. A gefe guda an sace ɗan wani attajiri, an nemi kuɗin fansa, an ajiye jakar kuɗin a inda aka ce a ajiye, 'yan sanda sun yi kwanton ɓauna. Sai ga Purmy ya zo wucewa, idonsa ya faɗa kan jaka mai tsada, ya ɗauka. Nan aka damƙe shi. Daga wannan wuri labarin ya riƙa kai da kawowa tsakanin tambayoyin 'yan sanda da tarihin soyayyarsa, mai kallo yana ta auna ko wawa ne da tsautsayi ya faɗa wa, ko kuwa akwai lauje cikin naɗi. Ƙarshensa zan bar wa wanda zai nema ya kalla.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da na yi a tsakiyar dariyar da ba tawa ba. Barkwancin fim ɗin yawancinsa a baki yake, ba a faɗuwa ko tuntuɓe ba. Jarumin zai yi magana a gaggauce, ɗakin gaba ɗaya ya kece da dariya, wasu na fito, wani dattijo a gabana yana buga cinya. Kafin abokina ya juyo ya fassara mini, an wuce wurin, kuma abin da ya iso kunnena ya riga ya huce kamar shayin da aka manta. Sau biyu ko uku ya buɗe baki zai fassara, sai ya girgiza kai ya ce, "Bhai, wannan ba ya fita da Turanci." Na gane abin da yake nufi sarai. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fassara wa baƙo wasan da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, ko habaicin kishiyoyi, ya san inda harshe yake tsayawa ya ce daga nan ba zan raka ka ba. Amma kunya da kishi da kallon da saurayi ke yi wa budurwa ta gefen ido, waɗannan ban nemi tafinta a kansu ba. Waƙoƙin ma haka.

Akwai wurin da dariyar ta yi mini nauyi. A shekarar nan hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama abin tsoro, kusan kowa a cikinmu ya san gidan da aka taɓa tara kuɗin fansa, an sayar da gona ko fili. Ganin jakar kuɗin fansa a allo, mutane kuma suna ƙyaƙyatawa, sai na ji ƙirjina ya ɗaure. Da aka tafi hutun rabin lokaci, wanda da wuya ka ga fim ɗin Indiya da ba a yi masa, muka fita harabar muka sayi gahawa mai madara a 'yan ƙananan kofuna. Na gaya wa abokina abin da ke raina. Ya yi shiru, sannan ya nuna mini wani tsohon hoto a bango, na wani mutum mai faffaɗan murmushi. Ya ce, "Ka san wannan? Shi ma an taɓa sace shi."

Rajkumar ke nan, wanda mutanen Karnataka suke kira Annavru, wato babban yaya. An haife shi a 1929, ya fito a finafinai sama da 200, kusan dukkansu da Kannada, duk da cewa da ya so da ya tafi inda kasuwa ta fi faɗi. A farkon shekarun 1980 ya shiga gaba a gwagwarmayar da ake kira ta Gokak, ta neman a ba Kannada matsayi na farko a makarantun jihar. A ƙarshen Yulin 2000 wani ɗan ta'addan daji, Veerappan, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kashe giwaye da satar itacen sandal, ya ɗauke shi daga gidan gonarsa ya shige daji da shi. Kwana 108 ya yi a hannunsa, yana da shekara 71. Abokina yana ƙaramin yaro a lokacin, amma ya ce yana tuna an rufe makarantu, an rufe silimu, mahaifiyarsa tana zaune gaban rediyo. An sako shi a watan Nuwamba, ya rasu a 2006, kuma ya bar wasiyyar a ba da idanunsa ga makafi. Da muka koma ciki aka ci gaba da fim, na dubi masu dariyar da wani ido daban. Sun san zafin abin, sun ɗanɗana shi a kan mutumin da suka fi ƙauna. Ban iya yin dariya tare da su a wannan wurin ba har aka tashi, amma na daina jin haushinta.

Bayan an tashi muka shiga wani ƙaramin gidan abinci, abokina ya sa aka kawo mini ragi mudde. Tuwon tamba ne, ba ƙari ba ragi, an mulmula shi ƙwallo guda mai duhu, ga miya a gefe. Mai kawo abincin ya tsaya zai nuna mini yadda ake yi, cewa ba a taunawa, gutsura ake a tsoma a haɗiye. Kafin ya gama bayani na kai loma ta uku. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka yi ta murna. Tunda na baro gida ban ci abin da ya zauna mini a ciki kamar wannan ba.

A kan tuwon nan muka yi gardamar fassara. Na ba shi labarin yadda ake juya finafinan Indiya zuwa Hausa a Kano, da yawa daga cikinsu ma na kudu ne, na Telugu da Tamil, da yadda 'yan Kannywood suke kukan cewa abin ya cinye musu kasuwa. Ya yi mamaki ƙwarai, ya ce su kuwa akasin haka suka yi. Tun shekarun 1960 masu harkar fim a Karnataka suka haɗa baki suka hana a juya finafinan wasu harsuna zuwa Kannada, ba da dokar gwamnati ba, da ƙarfin ƙungiyoyinsu kawai, don kada manyan maƙwabta su danne su. Haka aka yi kusan shekara hamsin, sai a 2015 hukumar da ke kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta ce hanin ya saɓa ƙa'ida. Shi yana goyon bayan a buɗe, yana cewa yaron ƙauye da bai iya wani yare ba yana da haƙƙin ya kalli abin duniya da harshen uwarsa. Mahaifinsa kuma yana ganin ba don wannan katanga ba da masana'antar ba ta kai labari ba. Ni na fi karkata ga ɗan, domin na ga yadda tsofaffi mata a gidanmu suke bin labari tiryan-tiryan idan an fassara shi. Sai dai maganar uban ma ba ta faɗi ƙasa ba. Mutanen da suka fara fim mai magana da harshensu tun 1934, suna kewaye da masana'antu uku da suka fi su kuɗi, ga shi har ranar nan ƙaramin fim irin wannan yana cika ɗaki. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan dawowata fim ɗin KGF ya fito, na ga matasa a Kano suna ta zancensa, da yawa ba su san da Kannada aka yi shi ba.

Da daddare na kai wa kawu labari kamar yadda ya nema. Ya saurara har ƙarshe, sai ya tambayi abin da ni ban tambaya ba: "To ita Alamelammar wace ce?"

Washegari na kai tambayar ga mai gidanmu. Ya ce suna ne na mata irin na da, har yanzu akwai tsofaffi masu shi, amma duk ɗan yankin Mysuru idan ya ji shi, mace ɗaya ce take fara faɗo masa a rai. Ya ce in har ina da kwana ɗaya, in je Talakadu in gani da idona.

Mun je ranar Lahadi. Jirgin ƙasa ya kai mu Mysuru cikin kimanin awa uku, ta cikin gonakin rake da shinkafa da itatuwan kwakwa. Mun wuce Srirangapatna, tsibirin da ke tsakiyar kogin Kaveri, inda Tipu Sultan, mai mulkin Mysuru, ya faɗi a yaƙi da Turawan Ingila a 1799. Daga Mysuru muka ɗauki mota, tafiyar kilomita 45 ko kusa da haka zuwa gabas. Ko'ina kore shar, ruwa na gudu a magudanan gonaki. Sai kwatsam, ba tare da wata alama ba, ƙafa ta fara nutsewa cikin yashi.

Tuddan yashi ne sosai, fari mai laushi, irin wanda na taɓa gani a wajen Yusufari, amma a nan a bakin babban kogi, a tsakiyar ƙasa mai dausayi. An dasa itatuwa a kai don su riƙe shi, an yi rumfuna a kan hanyoyin da masu ziyara ke bi. Talakadu tsohon birni ne, ya taɓa zama hedikwatar sarakunan Ganga fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ana cewa wuraren ibada sama da talatin ne yashi ya binne a wurin. An tono wasu. Za ka zo kan tudu, ka leƙa ƙasa, ka hango ginin dutse mai sassaƙa a cikin rami, an yi masa katanga don kada yashin ya koma. Na tsaya daga waje, na kalli aikin hannun magina, na bar masu ibada da ibadarsu.

Labarin da ake bayarwa shi ne, a farkon ƙarni na 17 Raja Wodeyar na Mysuru ya karɓe Srirangapatna daga hannun wakilin daular Vijayanagara. Matar wakilin, Alamelamma, ta gudo wannan yanki da wasu kayan ado masu daraja. Sarki ya aika a karɓo. Da ta ga an cim mata, sai ta faɗa kogin Kaveri da kayan, bayan ta yi baki uku: Talakadu ta zama yashi, Malangi da ke tsallake ta zama gurbi mai juya ruwa, sarakunan Mysuru kuma su rasa magada. Wani tsoho mai sayar da ruwan kwakwa ya karanto mana kalmomin da Kannada, a haddace, kamar yadda yaro ke karanto karin magana. Masu bincike suna da nasu bayanin: suna danganta yashin da wata madatsar ruwa da aka gina a kogin a ƙarni na 14, wadda ta bar rairayin gindin kogi a fili, iskar damina ta riƙa kwasowa tana zubawa a kan garin shekara da shekaru. Wannan bayanin ya fi kwanta mini, kuma na san haihuwa da rashinta na Allah ne. Amma gidan sarautar da kansa bai yi wasa da maganar ba. Sun sha ɗauko magaji daga dangi, har Yaduveer da aka naɗa a 2015 ɗauko shi aka yi, kuma har yau suna girmama Alamelamma a cikin fada lokacin bikin Dasara. A watan Disambar shekarar da na je aka haifa wa Yaduveer ɗa namiji, abokina ya aiko mini da saƙo a ranar.

Mun sauka bakin ruwa. Akwai wasu jiragen fito masu zagaye kamar babban faifai, an saƙa su da gora an shafe da kwalta, mai tuƙi ya kai ka tsakiya ya juya ka. Iyalai sun baza tabarmi suna cin abinci, yara na wanka. Na samu gefe na yi alwala da ruwan Kaveri, muka yi sallah ni da abokina a kan yashi, a inuwar wata bishiya. Wata mata da ke zaune kusa ta janye 'ya'yanta daga gabanmu ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Da muka sallame ta tambaye mu da Kannada, abokina ya ce cewa take, "Kun ci abinci?" Haka suke gaisuwa da rana. Ta miƙo mana ayaba biyu.

Mun iso Mysuru da magariba, daidai lokacin da ake kunna fitilun fada, kusan ƙwai dubu ɗari a lokaci guda, kamar yadda ake yi duk daren Lahadi. Minti goma kawai muka tsaya, saboda jirginmu.

Sha ɗaya ta wuce lokacin da na shiga ɗakin kawu. Na same shi zaune a bakin gado, bai yi barci ba, sandarsa a jingine. Ya ce yau ya taka har ƙarshen baranda ya dawo. Na cire takalmina, yashi ya zubo a kan tayil. Ya sunkuya ya dangwala da yatsa, ya murza, ya ce, "Zauna, ɗana. Fara mini daga inda matar ta gudu."